Ɗaki Ɗaya, Filash Ɗaya: Yadda Ya Kamata Masu Rubuta Manhaja Su Fara Haɗuwa a Ƙauran Namoda

Ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya da su kashe turakunsu a duk faɗin Jihar Zamfara. Gwamnatin Bello Matawalle ce ta nemi hakan, da nufin raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto daga cikin gari. Mako biyu aka ɗiba tun farko. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, amma Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi da sauran ƙananan hukumomi sai a ƙarshen Nuwamba aka sanar da cewa za a mayar musu. A tsakanin nan an rufe kasuwannin mako-mako, an kuma hana sayar da fetur a jarka. An yi rubuce-rubuce da yawa kan abin da wannan ya jawo wa ɗan kasuwa, da mai POS, da wanda ɗan'uwansa ke kwance a asibiti babu halin sanar da dangi. Akwai wani da ba a cika tunawa da shi ba, domin asararsa ba ta jini ba ce: matashin da ke koyon rubuta manhaja, wanda malaminsa da littafinsa da abokan karatunsa duk suna cikin waya. Dare ɗaya makarantarsa ta rufe, kuma babu ƙofar da zai je ya ƙwanƙwasa.

Duk mai tunanin kafa dandalin masu rubuta manhajar intanet a wannan yanki, daga waɗannan watanni uku ya kamata ya fara lissafi. Su ne hujjar kafa dandalin, su ne kuma ma'aunin da zai nuna ko an kafa shi daidai. Dandalin da zai mutu ranar da aka ɗauke sabis bai ƙara wa kowa komai a kan abin da wayarsa ke ba shi ba.

Ga mai karatu da ba wannan ce sana'arsa ba, akwai buƙatar ɗan bayani. Shafin intanet da ke yin aiki, irin wanda ɗalibi ke biyan kuɗin makaranta ta cikinsa ko asibiti ke ajiye sunayen marasa lafiya, yana da wasu buƙatu da ba sa canzawa: tantance mai shiga, ajiye bayani a rumbu, fito da shi, da tsare shi daga ɓarawo. Maimakon kowane mai rubutu ya ƙago waɗannan daga tushe, sai aka yi wasu shiryayyun kayan aiki da ake ɗora gini a kansu. Masu sana'ar na ce musu firemwok. Bahaushen da ya taɓa ganin ana yin jinka ya san abin: tsaiko ne, wanda ake ɗaurewa tukuna kafin a baibaye shi da shuci. Django tsaiko ne na harshen Python, Laravel na harshen PHP, Rails kuma na Ruby. Kowane yana da nasa ɗauri da nasa ƙa'ida, kuma wanda ya koyi ɗaurin shi kaɗai a ɗaki yakan daɗe yana maimaita kuskuren da wani zai nuna masa cikin minti biyar.

Masu buƙatar wannan nuni suna nan. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda tana tsaye tun 1983, tana yaye masu difloma a ilimin kwamfuta. A farkon 2024 hukumar NBTE, mai kula da irin waɗannan kwalejoji, ta rarraba babbar diflomar kwamfuta gida huɗu, ɗaya daga ciki kuwa rubuta manhaja da gina shafukan intanet ne zalla. A ƙarshen 2023 ma'aikatar sadarwa ta tarayya, ƙarƙashin Bosun Tijani, ta buɗe shirin 3MTT na horar da mutum miliyan uku, akasarin karatunsa kuma ta intanet ake yi. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana nan kudu da Ƙaura. Ke nan ana ta shuka. Abin da babu shi ne wurin da waɗannan mutane za su ga juna bayan an tashi daga aji, su buɗe wa juna aikinsu ba don neman maki ba. Sakamakon sananne ne a manyan makarantun ƙasar nan baki ɗaya: ɗalibi ya sayi aikin kammala karatu a hannun wani, ya haddace abin da zai faɗa gaban malamai, ya fito da takarda ba tare da ya taɓa ɗora manhaja ɗaya da wani ɗan Adam ya yi amfani da ita ba. Wanda kuwa ya iya da gaske, hanyar Kaduna ko Kano ko Abuja yake nema, ba a kuma ganin laifinsa.

Matsalar ita ce hoton da ke kan duk wanda ya ce zai fara. Ya ga hotunan DevFest da ƙungiyoyin Google ke shiryawa a Legas da Abuja da Kano, ya ga na PyCon Nijeriya da aka fara a Legas a 2017, da na DjangoCon Afirka da aka yi karon farko a Zanzibar a 2023: babban zaure, majigi, riguna masu tambari, baƙo daga nesa, da kamfanin da ya ɗauki nauyi. Sai ya ɗauka wannan ne dandali. Ya yi wata biyu yana yawon kai wasiƙu ofis-ofis, ya samu ɗan siyasar da zai zo a matsayin babban baƙo, a cika kujeru da mutanen da rabinsu takardar shaidar halarta suka zo karɓa, a yi jawabi a kan muhimmancin fasahar zamani, a ɗauki hoto, a watse. Ba a buɗe kwamfuta ko ɗaya ba. Taro na biyu ba ya zuwa, domin mai shiryawa ya ci bashi, ya kuma gaji.

Waɗancan manyan taruka 'ya'ya ne, ba iri ba. Sun fito ne daga shekarun da mutane ƙalilan suka yi suna haɗuwa a ƙananan ɗakuna. CoLab ta Kaduna, wadda Sanusi Ismaila ya buɗe a 2016, abin da ya sa ta yi tasiri shi ne ƙofarta a buɗe take kullum ga mai kwamfuta da tambaya. Can baya kuma, ƙungiyar Homebrew da Steve Wozniak ya halarta kafin ya haɗa kwamfutar Apple ta farko, a garejin wani mutum ta fara zama a watan Maris na 1975, da mutum talatin da ɗoriya. Shi kansa Django ba a wani katafaren kamfani aka haife shi ba. Adrian Holovaty da Simon Willison ne suka fara shi a 2003 a ofishin wata jaridar gari mai suna Lawrence Journal-World, a jihar Kansas ta Amurka, don su riƙa cika wa'adin editoci, aka sake shi ga duniya a 2005. Garin Lawrence a lokacin bai kai mutum 100,000 ba, alhali ƙaramar hukumar Ƙauran Namoda ta haura 280,000 a ƙidayar 2006. Kwatancen yana da iyaka, tabbas: Lawrence na da babbar jami'a, da wutar da ba ta ɗaukewa, da hanyoyin da ake bi da dare. Abin ɗauka a ciki kawai shi ne ƙanƙantar gari ba ta hana shi haifar abin da Instagram ke tsaye a kai yau.

Ƙasar Hausa kuwa ba ta buƙatar aron tsarin irin wannan zama daga kowa. Karatun zaure ya daɗe yana yin abin da ake nema. Ba a buga takardar gayyata, ba a jiran mai ɗaukar nauyi. Lokaci sananne ne, wuri sananne ne, kowa ya zo da littafinsa, ya karanta daga inda ya tsaya jiya, a yi masa gyara a gaban sauran, su ma su amfana da gyaran. Wanda ya yi nisa ya biya wa na baya. Idan aka musanya littafi da laftof, wannan shi ne duk abin da dandalin masu rubuta manhaja yake buƙata ya zama: mutum shida ko takwas, kowace Asabar da hantsi, ɗaki ɗaya, kowa ya nuna inda aikinsa ya cije. Maimaituwar ita ce jarin. Zama goma sha biyu a jere na mutum biyar ya fi taro ɗaya na mutum ɗari biyu, domin a zama na bakwai ne mai jin kunya yake yarda ya juyo da allon kwamfutarsa ya ce ga abin da ya gagare shi.

Sai dai zaure na da aibin da bai kamata a gada ba. Wuri ne na maza. Kwalejin Ƙaura tana da ɗalibai mata, kuma zaman da aka sa bayan magariba a shagon wani ya sallame su tun kafin a gayyace su. Django Girls, wadda Ola Sitarska da Ola Sendecka suka fara a Berlin a 2014, ta bazu a duniya da tsari mai sauƙi: yini guda, 'yan koyo uku ga mai koyarwa ɗaya, da darasin kyauta da kowa zai iya saukewa. Ba dole a ɗauki sunan ba. Amma zaɓen aji a cikin makaranta, da rana tsaka, inda uba zai yarda 'yarsa ta je, shawara ce da ake yankewa a ranar farko. Bayan zama ya saba da fuskokinsa, gyaran yana wuya.

Yanzu ga batun da ya fi kowane nauyi, wato yadda za a yi aiki in babu sabis. Abin mamaki, sana'ar ta fi yadda ake zato jure wannan. Manhajar intanet ba ta buƙatar intanet yayin da ake gina ta. Django yana zuwa da ƙaramar uwar garke da ke tashi a kan laftof ɗin mai rubutu, Python kuma na zuwa da rumbun bayanai na SQLite a cikinsa, ba sai an sauke wani abu daban ba. Littafin jagorar Django ana sauke shi ɗungurungum a karanta ba tare da data ba. Ƙananan kayan da ake ƙarawa, mutum ɗaya zai iya sauke su ranar da sabis ya yi kyau, ya zuba a filash, sauran su girka daga nan. Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don adana tarihin aiki da haɗa gyare-gyaren mutane da yawa, tun asali an yi shi ne yadda kowace kwamfuta ke riƙe da cikakken kwafi. GitHub masauki ne kawai, ba shi ne Git ba, ko da yake masu koyo da dama ba su san bambancin ba har sai ranar da shafin ya ƙi buɗewa. Ƙaramar na'urar wayfai da ba ta da layi a cikinta ta isa ta haɗa kwamfutoci takwas a ɗaki, kowa ya buɗe manhajar ɗan'uwansa daga kujerarsa. Wannan ba dabarar talaka ba ce da ake yi kafin a samu na gaske. Kolibri, manhajar karatu da ƙungiyar Learning Equality ta yi don makarantun da ba su da intanet, a kan Django aka gina ta, kuma haka take aiki. Matashin Zamfara da ya ƙware a gina abin da ke aiki ba sabis ya riƙe ilimin da takwaransa na Legas ba shi da dalilin koya, ƙungiyoyin lafiya da na agaji kuwa irin wannan suke nema.

Wannan ne ya sa ake ganin ya fi kyau zaman ya tsaya a kan tsaiko ɗaya a shekararsa ta farko. Musun wanne ya fi, Django ko Laravel ko wani daga cikin dangin JavaScript, musu ne mai daɗi da ke iya cinye Asabar goma ba a rubuta layi ɗaya ba. Laravel, wanda Taylor Otwell ya fitar a 2011, yana da hujja mai ƙarfi: ɗalibai da yawa sun riga sun taɓa PHP, masaukinsa kuma yana da araha. Idan wanda ya fi kowa sani a ɗakin ɗan Laravel ne, to magana ta ƙare, a bi shi. In kuwa an tashi kunnen doki, Django ya ɗan rinjaya saboda dalilin da ya shafi wurin: yana zuwa da yawancin kayansa a haɗe, yana kuma da fitowa ta musamman duk shekara biyu wadda ake kula da ita shekara uku, kamar 4.2 ta Afrilun 2023 da 5.2 ta Afrilun 2025. Filash ɗin da aka cika da ɗaya daga cikinsu zai daɗe bai tsufa ba. Kayan JavaScript kuwa sukan jawo ɗaruruwan megabayit a kowane sabon aiki, abin da mai sayen data da kuɗin abincinsa yake ji a jika.

Zama ba ya ɗorewa a kan darasi kawai. Yana son aiki na tarayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nan ma akwai tarko, kuma ya fi na babban taro haɗari. Abin da zai fara zuwa ran matashi mai kishi shi ne manhajar da za ta taimaki kasuwar Shinkafi, ta rubuta wa ya kawo shanu nawa, wa ya sayar, nawa ya karɓa. Ko wadda za ta tattara sunayen manoma da girman gonakinsu. Ko taswirar inda aka kai hari. A wani wuri waɗannan ayyuka ne na yabo. A yankin da ake sace mutum saboda an ji ya sayar da amfanin gona, jerin sunaye da kuɗi a laftof ɗin ɗan koyo makami ne da ke jiran mai ɗauka. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa mai tattara bayani alhakin tsare shi, amma tun kafin doka hankali ya isa ya hana. Aikin farko ya zama wanda ko an sace kwamfutar ba wanda zai kwana da fargaba: kundin littattafan laburare, jadawalin darussa, tsoffin tambayoyin jarrabawa da amsoshinsu, lissafin kayan kantin magani ba tare da sunan mai saye ba. Ƙaramin abu da wani zai buɗe ranar Litinin ya yi ƙorafi a kansa. Ƙorafin nan shi ne darasin da YouTube ba ya koyarwa.

Tsoron da ya hana tattara sunaye shi ne kuma zai tsara wa ke zuwa daga ina. Ba daidai ba ne a ce wa yaron Jangeru ko na Zurmi ya hau hanyar Ƙaura duk mako da laftof a jaka don zaman awa uku. Babu darasin da ya kai wannan. Mutum biyu a Shinkafi su ma zama ne, uku a Zurmi su ma haka. Abin da ya kamata ya riƙa tafiya shi ne aikin: ta WhatsApp in da sabis, ta filash a hannun direban da dama zai yi tafiyar in babu. Ƙaura ta saba zama bakin zare. Nan layin dogo daga Zariya ya tsaya a 1929, kaya su sauka, su bi wasu hanyoyi zuwa arewa. A wannan ma matsayinta ke nan. Wurin zama kuma ba abin bugawa a Facebook ba ne; ɗakin da aka san ana tara kwamfutoci takwas a cikinsa kowace Asabar ya isa jan ido ko a garin da ke zaune lafiya.

Za a ce, to ina gwamnati? Jihar na da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, ZITDA, tarayya na da NITDA, kuma idan ɗaya daga cikinsu ta ba da ɗaki mai sola, a karɓa da godiya. Amma a karɓa bayan zaman ya yi wata shida da ƙafafunsa. Abin da aka fara da kuɗin ofis yakan koma na ofis: ya samu shugaba da sakatare da ma'aji kafin ya samu manhaja, ya kuma tsaya cak ranar da aka sauya mai kujera. Kuɗin da ake buƙata bai wuce na cajin batir da ɗan data da ruwan sha ba, abin da karo-karo irin na adashi zai ɗauka. Ko shafin Meetup, wanda aka yi don irin wannan, ba shi da abin da zai yi wa mutum takwas da suka san gidajen juna.

Akwai ƙalubale na gaskiya da ba a kawar da shi da sauƙi. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, mai koyo yana iya manna kuskurensa ya samu amsa cikin daƙiƙa, sau da yawa amsa mai kyau. Me zai kai shi ɗaki mai zafi ya jira layi? Rabin amsar tana cikin Satumban 2021. Ɗaya rabin kuma shi ne na'urar tana ba da kod, ba ta ba da shaida. Aikin farko da matashi ke samu a wannan sana'a yawanci ta bakin wani yake zuwa, wanda ya gan shi yana warware matsala, ya san yana cika alkawari. Mai makarantar kuɗi a Gusau da ke son shafin duba sakamako ba zai tambayi na'ura wa zai ba ba. Mutum zai tambaya. Kuma mai koyon da ke karɓar kod ɗin da bai fahimta ba ya fi kowa buƙatar wanda zai tsare shi da tambaya, ya ce ya bayyana abin da layi na goma sha huɗu ke yi.

Abin da ya fi kashe irin wannan zama a garuruwan makaranta, duk da haka, ba rashin wuta ba ne, ba kuma rashin tsaro ba. Kalanda ce. Wanda ya fara shi galibi ɗan ajin ƙarshe ne ko mai hidimar ƙasa, kuma dukansu baƙi ne masu ranar tafiya. Ɗan difloma ma, bayan shekara biyu, yana fita shekarar koyon aiki, wataƙila ba zai dawo ba. Saboda haka tun zama na uku ya kamata jagoranci ya fara zagayawa, ɗan ajin farko ya tsaya gaban allo ko da muryarsa na rawa. A kuma nemi mutum ɗaya ɗan gari wanda ba ya zuwa ko'ina, malamin sakandare ko mai shagon buga takardu ko ma'aikacin ɗakin kwamfuta, ko da bai kai sauran iya rubutu ba. Mabuɗin ɗaki a hannunsa zai zauna, da littafin da ake rubuta abin da aka yi kowane mako, da kwafi na biyu na filash ɗin.